Mati da Gonar Makarantar Sista

Mati ɗan Usaini bai taɓa zama a kan bencin aji ba, amma ya yi shekara talatin da ɗaya a makarantar 'yan mata ta Katolika da ke Tudun Kanya, gaba da Ɗambatta kaɗan. Mutanen wurin ba sa wahalar da bakinsu da dogon sunan da ke rubuce a allon ƙofa, makarantar Sista kawai suke cewa. Mati shi ne mai kula da gonarta, eka goma sha biyu cif, kuma har ya tsufa in ka ambaci shekara zai faɗa maka dami nawa gonar ta bayar a shekarar, ba tare da ya tsaya tunani ba.

A ranin 1963 ya zo, yana ɗan shekara ashirin da shida, cikin masu kwaɓa ƙasar tubali. Sista uku suka fara makarantar, babbarsu Sista Barnadet, baturiya mai jan fuska da takalmin maza, wadda ta iya Hausa har da ba'a. Abin da ya kawo su a fili yake. Duk faɗin ƙauyukan nan babu inda 'yar manomi za ta wuce firamare sai an kai ta birni, birni kuwa ba uban da zai saki 'yarsa. Sista ta ce za su karantar da 'yar kowa, ta Kirista da ta Musulmi da ta Bamaguje, kowa da addininsa, har a samu malamai da nas da ungozoma daga cikin 'ya'yan wurin. Da yara goma sha tara suka buɗe.

Goma sha taran nan ma sai da aka sha yawo. Sista ta lura in Mati ya yi magana dattawa na saurare, sai ta riƙa ɗaukar sa a tsohuwar motarta suna bin ƙauyuka. Ita ta yi bayanin karatu, shi kuma ya durƙusa ya faɗi abin da uba ke jiran ji: "Baba, a makaranta za ta kwana, ƙofa a kulle. Za ta ci ta ƙoshi. Ba mai hana ta sallarta. Ni Mati na Usaini na ɗauki wannan a wuyana." A shekara goma sha biyar ya faɗi wannan magana a zaure ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya ƙirga.

Ci-ta-ƙoshin nan yana da tsari. Zango uku ake yi a shekara. Ofishin Bishof ke sayen hatsin zango biyu. Na ukun, daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbunan gari suka yi ƙasa hatsi ya yi tsada, gonar makaranta ke ɗauka. Da yara suka kai ɗari da hamsin, Barira mai dafa abinci, taubashiyar Mati, tiya ashirin take aunawa kullum. Kwana casa'in, tiya dubu ɗaya da ɗari takwas ke nan. Mati na da igiyar kaba mai ƙulli guda wadda da ita yake auna kaurin kowane dami, kuma damin igiyarsa tiya shida yake bayarwa in an sussuka. Saboda haka dami ɗari uku shi ne bakin gaɓa. Gonar kuwa ɗari huɗu take yi, ko a farin 1973 sai da ta ba da ɗari uku da goma.

Ba wani asiri a ciki. Ƙasar wannan yanki ba ta san hutu ba, gona na jingine da gona, kowace damina sai an nome ta, abin da ke riƙe da ita kawai taki ne. Duk kaka in an kwashe amfani, Ardo Sama'ilu ya shigo da garkensa, shanu ɗari da talatin. Su ci kara, su sha a rijiyar makaranta, su kwana a gonar wata uku, duk kwana bakwai a matsar da turakunsu gaba, har kashinsu ya game ko'ina. Ranar Juma'a Mati ya kai wa Ardo tiya biyu ta gero, matan Ardo su kawo nono kicin. Babu takarda, babu shaida.

"Kaɗo," in ji Ardo in ya ga Mati, "shanuna ne fa ke karantar da 'yan matan nan. Kai da Sista suna kawai kuka tara."

"To ka turo su su zana jarrabawa mana, mu ga ƙarshen ilmi."

A 1978 ciwo ya mayar da Sista Barnadet ƙasarsu, aka kawo Sista Filomina, 'yar kudu, matashiya mai zafin nama. A faɗi gaskiya, mace ce mai aiki. A hannunta aka gina ɗakin kimiyya, a hannunta yaran suka fara cin jarrabawar ƙarshe da yawa. Amma zuwanta da wata biyu gudawa ta kwantar da yara ashirin da shida, ga ƙudaje a kicin kamar an yi shelarsu, sannan wata saniya mai ɗan maraƙi ta tunkuyi yarinya a hanyar rijiya ta karya mata hannu. Sista ta kira Mati ofis.

"Malam Mati, nan makaranta ce ko ruga?"

"Makaranta ce, Sista. Sai dai gonar, takin shanun nan take ci."

"Gona za ta ci takin zamani. Gwamnati na bayarwa da sauƙi. Za mu kewaye ta da waya."

Sau uku ya koma mata. Ya ce a matsar da shanun can ƙarshen gona, nesa da kicin. Ya ce a haƙa musu wata rijiyar. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ita za ta amsa wa iyaye in wata ta mutu, ba shi ba.  Shi da hannunsa ya kafa turaku ɗari biyu da casa'in da uku, ya ja waya mai ƙaya layi huɗu, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Abin da ke ci wa Mati rai har yau shi ne, da farko abin ya yi kyau. A 1979 dami ɗari huɗu da hamsin da biyar. Shekara ta gaba ɗari huɗu da saba'in, abin da gonar ba ta taɓa yi ba. Gero ya yi duhu, zangarniya kamar damtsen mutum. Mati ya je kasuwar Ɗambatta yana ta cika baki, wai zamanin bin gindin saniya ya wuce, buhu ashirin da huɗu sun fi shanu ɗari da talatin. Maganar ta kai kunnen Ardo kafin la'asar. Daga nan in sun haɗu sai gaisuwa daga nesa.

Barira ce ta fara gani. Wata rana ta je tsinkar yakuwa a gefen gona, ta ɗebo ƙasa a hannu ta zuba masa a tafi.

"Sarkin noma, wannan ƙasa ce ko garin tuwo? Da baƙa ce mai danƙo. Yanzu dubi."

"Koma kan tukunyarki. Me mai muciya ta sani a ƙasa?"

"Na san abin da ba a ba shi abinci ba. Kamar kai yake komawa."

A 1981 dami ɗari uku da tamanin. In an yi ruwa da safe, kafin azahar ƙasar ta bushe. Jan furen wuta-wuta, ciyawar da ke shanye gero tun daga saiwa, ya fara leƙowa a kusurwar gabas. Sai kuma zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo, takin zamani ya ɓace. A 1982 sau goma sha ɗaya Mati ya je layi, tun hantsi har rana ta karkata, ya samo buhu huɗu cikin ashirin da huɗu. Dami ɗari biyu da casa'in. A 1983 ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Dami ɗari da talatin.

A shekarar ce cutar shanu da ake kira bushiya ta bi garkuna ta share. Wanda cuta ta bari, yunwa ta tsaya a kansa, don babu ciyawa ko ta share haƙori. A gonar makaranta kuwa ga kara nan tsaye a cikin waya, eka goma sha biyu, ba a taɓa ba. Wata ranar Laraba da hantsi Ardo ya zo bakin wayar da ragowar garkensa. Mati ya ƙirga su ba da son ransa ba: ashirin da uku, kana iya lissafa haƙarƙarin kowacce.

"Mati," in ji Ardo. Bai ce Kaɗo ba. "Kwana goma kawai. Ko ka miƙo mini ta saman waya."

Mati ya ruga ofis. To a makon ne kububuwa ta sari wata 'yar aji uku a cikin karan nan, da ƙyar aka ceto ta, kuma Sista ta riga ta ba da umarni a ƙone shi ƙurmus. Ta ce shanun da suka fito daga cuta ba za su matso kusa da rijiyar yara ba. Ya ce to a bar shi ya sare ya jefa musu waje. Ta ce aikin kwana nawa ne? Ya ce shi kaɗai mako biyu. Ta ce a mako biyun maciji nawa zai fito? Yau za a ƙone.

Da ya nemi mutum goma a gari, da sun sare shi kafin magariba, kyauta ma, don kowa na son kara a shekarar. Wannan dabara ba ta zo masa ba sai bayan kwana biyu. Abin da ya yi a ranar shi ne ya karɓi ashana a hannun Barira ya kyasta. Shanun na tsaye a bayan waya suna kallon wuta. Ardo ya juya su ya yi yamma.

A 1984 fari ya ƙara tsananta. Dami tamanin da huɗu. Zango na uku na shekarar da kunu tsararo aka ƙarasa shi, yara na barci a aji. A watan Disamba takarda ta zo daga ofishin Bishof, Sista ta kira Mati ta fassara masa kalma-kalma. Za su cike giɓin 1985 da hatsin agaji, amma shi ne na ƙarshe, don akwai asibiti da gidan marayu a wuyansu. In girbin 1985 bai kai dami ɗari uku ba, daga Janairu 'yan aji ɗaya da aji biyu ba za su kwana a makaranta ba. Yara hamsin da takwas ke nan. Mati ya san gidajensu ɗaya-ɗaya. Wasu tafiyar awa huɗu ce a ƙasa. Wadda ba ta kwana a makaranta ba, karatunta ya ƙare.

Sista ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko makullin ƙofar gona ta ajiye a gabansa.

"Je ka kira Ardo."

"Yanzu, Sista? Bayan shekara shida?"

"Malam Mati, na ji. Kada ka sa in faɗa sau biyu."

Ya sami Ardo a gonar wani manomi, Muntaka, bayan gari. Shanu goma sha bakwai suna kwance a turke. Mati ya yi sallama, ya ajiye tiya huɗu ta gero da ƙullin goro. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ardo ya daɗe yana kallon geron. "Ka ga mutumin nan Muntaka? Eka biyu gare shi. Shekarar da ka sa ashana, dangar gidansa ya cire ya ba shanuna. Matansa suka yi rani ba shinge, kowa na wucewa yana ganin tukunyarsu. Goma sha bakwai ɗin nan, dangarsa ce. Yanzu in tashe su daga gonarsa in kai maka?"

"Wata ɗaya kawai, Ardo. Yara hamsin da takwas ne."

"Ni kwana goma na roƙa."

"Sista ta ce ko saye ne a saya."

"Kashin saniya ba a sayar da shi, Kaɗo. Inda ta ci nan take kwana. Ɗauki geronka, yaranku sun fi ni buƙata."

Mati ya dawo yana lissafi a hanya, don shi in ransa ya ɓaci lissafi yake yi. Gonar da ta mutu haka tana son mangala ɗari na taki a kowace eka, mangala dubu ɗaya da ɗari biyu. Jaki ɗaya gare shi. Bolar kasuwa, inda ake zubar da shara da kashin dabbobi, sawu biyar ce a rana in jakin bai yi gardama ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, duk manomin da ya rasa takin zamani yana can da jakinsa, har ana dambe a kan juji. Daga Fabrairu zuwa Mayu, ban da Juma'a, ban da kwana tara da jakin ya yi ɗingishi, ya kawo mangala ɗari huɗu da goma. Ya tara tokar kicin, ya share kejin kajin Sista, ya kankare ƙarƙashin bishiyar da jemagu ke kwana. Mangala arba'in.

Da za a tafi hutun Ista, ya roƙi Sista ta yi sanarwa: kowace yarinya ta dawo da rabin buhun kashin awaki daga gidansu. Sista ta dube shi kamar ya zautu, sannan ta hau dakali ta faɗa da bakinta. Ranar dawowa sai ga motar haya ta tsaya a ƙofa, direba ya rufe hanci da hula.

"Baba Mati, wannan wane irin boko ne? Da gari da ƙuli-ƙuli nake kawo su, yau kuma da kashin akuya!"

"Sauke a hankali, kada ka zubar. Ya fi ka daraja bana."

"Wallahi sai an biya ni wankin mota!"

Yara ɗari da talatin da ɗaya suka kawo, goma sha bakwai iyayensu suka ce su ma gonarsu na jira, kuma Mati bai ga laifinsu ba. Aka samu mangala sittin. Duka-duka ɗari biyar da goma, ko rabi bai kai ba. Sai ya yanke shawara: maimakon ya shafa wa eka goma sha biyu abin da ba zai ishe su ba, ya zuba wa shida su ƙoshi, shidan su yi ta kansu. Ranar baza takin, Sista Filomina ta naɗe farar rigarta ta ɗauki kwano a ka. Sawu goma sha huɗu ta yi. Barira ta tsaya a ƙofar kicin tana cewa, "Ikon Allah, yau ga makaranta ta zama ruga." Sista ta ji, ba ta juyo ba.

Damina ta yi kyau a 1985, wannan ma wani abin haushi ne. Ruwa ya zo a kan kari, ya ɗauke a kan kari. Eka shidan da suka ci taki suka tsaya kamar a zamanin Ardo. Shidan da ba su ci ba suka yi ja da furen wuta-wuta, gero iya gwiwa. Da gonar na da ranta, shekarar ɗari biyar ce.

Ranar ɗaurin dami aka yi gayya, mutum ashirin da biyu daga gari. Tun kafin azahar Mati ya dubi tarin zangarniyar da ya rage ya san ba za a kai ba. Barira ta kawo fura, ta ja shi gefe.

"Nawa kake gani?"

"Ɗari biyu da saba'in, ko ƙasa."

"To matsar da ƙullin igiyar nan yatsa uku. Fadan cocin da Bishof zai aiko ƙirga ɗan birni ne, bai san dami ba, bai san ɗan'uwan dami ba. Ɗari uku yake so, ba shi ɗari uku. Ni zan san yadda zan yi da tukunya."

Mati ya dubi igiyar. Shekara ashirin da ɗaya ƙullin na wuri guda, har ya yi baƙi. Ya dubi Sista, tana tsaye a inuwar gawo, ta ji komai. Sai ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalminta, takalmin da ba abin da ya same shi. Ya dubi mutum ashirin da biyun nan, kowannensu ya san kaurin damin Mati kamar yadda ya san na gidansa, shida daga cikinsu kuma 'ya'yansu na makarantar.

"In na rage igiya a gaban mutanen nan, gobe wane zaure zan shiga in ce na ɗauka a wuyana?"

"Zauren waɗanda 'ya'yansu ke nan, mana!"

"Za a faɗa wa Fada gaskiya. Giɓin kaɗan ne. Mutum ne, zai ji."

"Kai dai tun muna yara kanka kamar turmi yake," in ji Barira, ta kwashe ƙoƙunanta.

Eka shida masu taki suka ba da ɗari biyu da ashirin da takwas. Ɗaya shidan arba'in da ɗaya. Ɗari biyu da sittin da tara. Saura talatin da ɗaya.

Fada ya zo ranar Litinin da littafinsa, ya ƙirga, ya sami abin da Mati ya faɗa masa. Mati ya tsaya a gabansa ya yi masa lissafin da ya kwana biyu yana shiryawa. Dami talatin da ɗaya tiya ɗari da tamanin da shida ne. Abincin kwana tara da 'yan kai. A rage tiya biyu kullum, yaran ba za su ma sani ba. Ko a rufe zango da mako guda. Sista ta fassara, ta ƙara nata da Turanci, har muryarta ta tashi. Fada ya saurara da kyau, ya ce ya yaba da gaskiyar Malam Mati, zai kuma ambata a rahotonsa. Amma ba shi ya sa lambar ba, kwamiti ne, kuma an riga an raba hatsin baɗi a kan haka. Makarantu biyu ma da suka gaza an yi musu haka, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa sauran fa? Ya sha ruwa, ya shiga mota.

Barira ba ta yi wa Mati magana ba har kwana goma sha biyu.

Mati bai zauna ba. Ya bi gidajen Tudun Kanya ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai riƙe 'yar wani, a shekarar da kowa ke auna tuwon 'ya'yansa. Ya shiga gida saba'in da huɗu. Matarsa Hure ta ɗauki uku a ɗaki guda, Barira ta ɗauki huɗu ba tare da ta dube shi ba, liman ya ɗauki biyu, mai wa'azin coci ya ɗauki biyu. Aka sama wa talatin da biyar wurin kwana. Goma sha biyu gidajensu ba nisa sosai, suka riƙa zuwa a ƙasa. Saura goma sha ɗaya.

Waɗannan ma ba wuri aka rasa ba, iyayen ne suka ƙi. Mati ya hau keke ya je wa kowane uba. Wanda ya fi tsaya masa a rai mahaifin Zulaihatu ne, 'yar aji biyu da ta zo ta ɗaya zango uku a jere. Dattijon ya shimfiɗa masa tabarma a zauren da ya taɓa durƙusawa, ya sa aka kawo ruwa.

"Malam Mati, me ka ce mini a nan wurin?"

"Na ce a makaranta za ta kwana, Baba."

"Ƙofa a kulle."

"Ƙofa a kulle."

"To yanzu ka ce gidan wani. Ban san shi ba, ban san 'ya'yansa maza ba. Ban ce ka yi ƙarya ba, an shaide ka. Amma abin da na yarda da shi babu shi. In an buɗe ɗakin kwana ka zo."

Sai a 1989 aka buɗe. A lokacin Zulaihatu ta yi shekara uku tana saƙa da sayar da man gyaɗa, ta ce ba za ta koma ta zauna da ƙannenta a aji guda ba. Cikin goma sha ɗayan ba wadda ta dawo.

Ardo kuwa ya dawo da kansa a ranin 1988, ba wanda ya aika masa. Muntaka ya samu shanun noma biyu nasa, gonarsa ta wadatu. Da hantsi Mati ya ga shanu ashirin da shida na shiga ta ƙofar da ya ɗaure a buɗe da igiya tun ranar da aka ba shi makulli. Aka kafa turakunsu can ƙarshen gona, nesa da kicin, aka haƙa musu rijiya dabam, daidai abin da ya roƙa shekara goma da suka wuce. Sista Filomina ce ta sa aka haƙa. Ta yi shekara goma sha shida a makarantar, kuma ita da Mati ba su taɓa tayar da zancen ƙullin igiya ba.

Mati ya ajiye aiki a 1994, gwiwa ta hana shi. A bikin cikar makarantar shekara arba'in aka aika mota ta ɗauko shi, aka zaunar da shi a layin gaba. Tsofaffin ɗalibai suka cika filin, malamai da nas-nas da wata mai shari'a. Aka karanta tarihin makaranta daga yara goma sha tara, aka ce zuwa yau ta yaye dubu biyu da ɗari da shida, aka yi tafi. Aka kira shi aka ba shi agogon bango, mai sanarwa ya ce ga mutumin da ko a shekarar yunwa bai rage dami ba. Aka sake tafi, ya fi na farko.

Barira na gefensa, ta tsufa, ba haƙori. Ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Ka ji ana yabonka, sarkin igiya."

"Yatsa uku," in ji Mati. "Na sake lissafawa jiya. Ko biyu da rabi ma da ya isa."

"To da ka matsar?"

Ya juya agogon a cinyarsa, ya duba bayansa, ya sake juya shi.  Can ya tambayi yarinyar da ke raba lemo ko shanu sun shigo gona bana, kuma guda nawa ne. Ta ce ba ta sani ba. Ya ba Barira agogon ta riƙe, ya ɗauki sandarsa, ya bi bayan ajujuwa ya je ya ƙirga da kansa.